Mayen da Ke Ƙarƙashin Gadona

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta makon da unguwarmu ta yi ittifaƙi cewa ina ɓoye maye a ƙarƙashin gado. Abin haushin ma shi ne ba ƙarya suka yi ba, yana nan ɗin. Yanzu in ina ba da labarin sai a yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma ina taya su, amma a lokacin ba abin dariya ba ne.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Gozaki, kuma ni ce mai injin niƙa a unguwarmu. A rumfar bayan gida muka kafa shi, inda mata za su shigo ta ƙaramar ƙofa ba sai sun ratsa ta gaban maza ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi kwanuka sun yi layi, masara da dawa da jiƙaƙƙen wake na masu ƙosai. Ina da baki, wannan kowa ya sani, in aka taɓa ni ba na barin ta kwana. Amma ba a taɓa cewa na rage wa wata gari ba, shi ya sa ake haƙuri da bakin nawa.

Yayana kuwa sana'ar gwangwan yake yi a Funtua. Duk abin da ya mutu in dai ƙarfe ne, to shi ne mai yi masa sutura. A ƙarshen daminar shekarar ya sayi wata tsohuwar fankar iska a wata babbar gona ta wajen Danja, irin doguwar nan da ake kafawa a kan ƙarfe, iska na juya ta tana ba da wuta. Mai gonar ya kafa ta ne don kajinsa da rijiyarsa, da ya rasu ta tsaya cik, magada suka gaji da kallonta suka sayar. Da Yaya ya farke kanta, sai ya tarar da mayen ƙarfe jere a ciki, kowanne kamar sabulun wanki.

Ran nan sai ga shi a babur da kwali ɗaure a baya. Ya ce, "Auta, ajiya na kawo miki. Shagona ko'ina ƙarfe ne, abin nan ya hana mu sakat, kowace ƙusa sai ta bi shi."

Ya zauna ya yi mini bayani yana shan fura. Wai waɗannan ba irin na cikin rediyo ba ne da yara ke wasa da shi, an yi su ne da wani ma'adini mai wuyar samu, shi ya sa ba a haɗa su da sauran tarkace a kai wa masu narka rodi. Akwai masu bi suna tattara su daban, a kai inda ake niƙe su a sake ƙera sababbi, a sa a babur mai caji ko a wata sabuwar fankar. Yana jiran mai ɗauka ne daga Kano. Ya naɗe kowanne da tsumma, ya raba tsakaninsu da katako, ya tura kwalin ƙarƙashin gadona tunda na katako ne. Ya ce kar in kusantar da wayar hannu, kar in bar yara su taɓa. Sannan ya ce ɗaya nawa ne, in ya dawo zai ɗaura mini a mazurarin inji, ya riƙa cafke ƙusa da guntun waya kafin su shiga su ci mini farantin niƙa.

To ni da gaggawa, ina zan iya jiran ya dawo? Washegari na jawo kwalin na zare katako guda don in ɗauki nawa. Ban san lokacin da ɗaya ya yi tsalle ya haɗu da ɗan uwansa ba, da yatsana a tsakiya. Sai da na ga taurari da rana tsaka. Da ƙyar na zame hannun, farce ya yi baƙi nan take. Na mayar da katakon, na tura kwalin da ƙafa, na fito rumfar inji ina yarfa hannu na kira Yaya a waya.

Na ce, "Yaya, mayen nan naka ya kama ni. Wallahi ya kusa cinye mini yatsa, jini har ya kwanta."

Ya yi ta dariya a can, yana cewa ai ya gaya mini. Na ce, "Yana nan ƙarƙashin gado, na rufe shi. Amma ka zo ka ɗauke abinka tun bai kama 'ya'yan mutane ba."

Ban kula ba ashe maƙwabciyarmu, tsohuwar da duk unguwa ke kira Iya, tana zaune a kan turmi da kwanon masararta. Iya fa in aka zo karɓar gudummawar biki ba ta ji ko da an yi mata ihu a kunne, amma a yi raɗa a bayan katanga sai ta ba ka labarin dalla-dalla. Na niƙa mata masara, ta ɗauka ta fita ba ko sallama. Na ɗauka ciwon ƙafarta ne ya motsa.

Washegari kwanuka suka ragu. Bayan kwana biyu sai mai ƙosai ɗaya kawai, ita ma a bakin ƙofa ta tsaya ta miƙo bokitin. Na ga mata suna wucewa da kwano a ka zuwa injin bakin kasuwa, tafiya mai nisa a cikin caɓi. In na gaishe su sai su amsa suna kallon ƙasa. Na duba faranti, na ɗanɗani gari ko yana warin mai, na rasa laifina.

Ɗiyata ce ta warware mini. Ta dawo daga Islamiyya ta zauna a bakin murhu da dafaffiyar gyaɗar da na ƙulla mata, ko buɗewa ba a yi ba. Na tambaye ta, sai ta fashe da kuka, ta ce ƙawayenta sun janye tabarmarsu, sun ce an hana su cin abin hannunmu, wai mu mayu ne.

Wanda bai zauna a ƙauye ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A wajenmu kuwa gara a ce maka ɓarawo, don ɓarawo yana tuba a manta. Maita an ce a nono ake shan ta, saboda haka in aka liƙa wa uwa, an liƙa wa 'ya'yanta da 'ya'yan 'ya'yanta. Ba mai cin abincinki, ba mai barin yaro ya shigo gidanki, kuma duk wanda ya yi atishawa a unguwa ke ce. Ciniki bai dame ni ba a lokacin, fuskar yarinyar nan ce ta tsaya mini a rai. Na ɗaura mayafi zan fita in bi gida-gida in ji uban da ya fara, maigidana ya tare ƙofa. Ya ce in na fita da wannan fushin to na ba su hujja, in bari ya sami mai unguwa bayan Juma'a. Na zauna ina huci, kuma wallahi ko kusa wayar da na yi da Yaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Ba a kai Juma'ar ba. Da safe, maigida ya tafi gona ke nan, sai na ji sallama. Iya ce a gaba, surukarta na biye da ita rungume da ɗanta da zazzaɓi ya kwantar, a bayansu kuma mata sun cika ƙofa, kowacce tana leƙe ta kafaɗar 'yar uwarta.

Iya ta gyara tsayuwa ta ce, "Mai inji, ba faɗa ya kawo ni ba, maƙwabtaka ta wuce haka. Ki fiddo shi ya tsallake mini jika, mu rufa ma juna asiri."

Haka al'adar take, in ana zargin maye ya kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake marar lafiyar, wai ya sake shi ke nan. Na ce, "Iya, wa zan fiddo?"

Ta ce, "Wanda kika ce ma yayanki yana ƙarƙashin gado. Da kunnena na ji, ba wani ya faɗa mini ba. Kin ce ya kama ki, kin ce a ɗauke shi tun bai kama ɗiyan mutane ba. To ga shi ya kama. Mi ya sami yatsanki in ƙarya nike?"

Duk suka kalli baƙin farcena. Ni ma na kalle shi. Sai maganar ta dawo mini tiryan-tiryan, yadda na faɗe ta da yadda ta shiga kunnen Iya. Dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da birki, har sai da na zauna a ƙasa ina share hawaye. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, don na ga wasu sun fara ja da baya suna karanta abin da ya sawwaƙa. Na ce su tsaya, yanzu zan kawo musu shi, gani ya kori ji.

Na shiga na jawo kwalin har tsakar gida. Na zaro na gefe a hankali, wannan karon da ladabi, na warware tsumman. Iya ta matso tana ƙanƙance ido. A wuyanta akwai igiyar da take rataye makullin akwatinta da magogin goronta na gwangwani, tunda haƙora sun yi mata sallama tuntuni. Tana sunkuyowa sai makulli da magogi suka tashi da kansu suka manne a jikin abin, igiya ta ja wuyanta gaba. Ta yi salati ta ce in sake ta. Na ce ba ni na riƙe ta ba, maye ne.

Wata amarya daga baya ta ce, "Af, ashe mayen ƙarfe ne. Irin na cikin rediyo ne fa, sai dai wannan ya ƙoshi."

Sai gidan ya kece da dariya. Wadda ta fi kowa ja da baya ɗazu ita ce ta fara miƙo allurar ɗinkinta a gwada, wata ta kawo ludayin ƙarfe, wata wuƙa. Sai da mu biyu muka taru kafin muka ɓamɓare magogin Iya. Na yi musu bayanin fankar da yadda za a mayar da waɗannan sababbi, iyakar abin da na riƙe daga bakin Yaya, wanda ban riƙe ba na cike da nawa.

Na ɗauka magana ta mutu, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Iya ta gyara igiyarta ta ce, "To, maye dai maye ne, ko na ƙarfe ko na mutum. Tunda an fiddo shi, ya tsallake."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, don na tanadi maganganu na kwana da kwanaki. Sai idona ya sauka kan yaron. Leɓɓansa sun bushe, wuyansa ya langaɓe a kafaɗar uwarsa, ita kuma uwar ko murmushi ba ta yi ba duk dariyar da ake. Nan na gane tsohuwar nan ba ƙiyayya ta kawo ta ba, tsoro ne, kuma duk kwanakin da ake farautar mayena yaron yana kwance ba magani. Fushin ya sauka, tausayi ya kama ni.

Na ce, "Iya, zai tsallake. Amma mayena yana da sharaɗi. Yana gamawa za a ɗora yaron nan a babur sai asibitin Malumfashi, in ba haka ba ya ce ba ruwansa."

Ta tauna baki, sannan ta ce ta yarda. Aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da shi, na naɗe abin a zane na ɗaga sama sosai, na wuce da shi ta kansa daga dama zuwa hagu. Iya ta ce a ƙara, na ƙara. Na leƙa waje da kaina na tsayar da mai babur, uwar ta hau da ɗanta. A can aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya ci ƙarfinsa, aka yi masa ƙarin ruwa da allurai. Ba a yi mako ba sai ga shi a gindin injina yana lasar gari.

Da Yaya ya zo kwasar kayansa na ba shi labari, sai da ya sauka daga babur don kar ya faɗi. Ya ɗaura mini nawa a mazurari kamar yadda ya yi alkawari, sauran kuma suka tafi Kano. Kullum da yamma nakan share abin da ya kama, ƙusoshi da guntayen waya da baƙin garin ƙarfe, in nuna wa masu niƙa abin da da a cikinsu zai kwana. Iya kuwa har gobe cewa take likita ya yi nasa ƙoƙarin, amma tsallaken ne ya yi aiki, kuma na daina musu da ita.

Na koyi faɗin magana da kanta da wutsiyarta, don kalma ɗaya na yar a hanya ta kusa jawo wa zuriyata tabon da ba ya wankuwa. Amma babban abin da ya zauna mini shi ne, ni na yi sa'a ina da abin da zan jawo daga ƙarƙashin gado in ce ga shi. Akwai matan da aka yi wa irin wannan sallamar da safe, ba su da kwalin da za su buɗe, sai rantsuwa da hawaye, kuma ba wanda ya saurare su. Tun daga ranar, in aka kawo mini labarin wance mayya ce a gindin inji, kashe injin nake yi in ce wa mai maganar ta tashi mu je gidan wancen ta maimaita a gabanta. Har yau ban sami wadda ta tashi ba.