Makabartar Kaka Hauwa

Tun da na zo Jidda nake tsoron fita da goyo. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ɗan sanda ko daga nesa ya hango abaya da tozo a baya ya san daga inda aka fito. In aka kama ni sai Kano, ko sallama da mijina ba zan yi ba. Amma Babana ya tsufa a Gumel, kullum a waya maganarsa ɗaya ce: in ɗauko masa hoton kabarin mahaifiyarsa, Kaka Hauwa, wadda ta tafi Hajji yana ɗan yaye ba ta koma ba. A gidanmu kowa ya san don tsoron Allahnta ne Larabawa suka sa wa makabarta guda sunanta. Har gori muke yi wa maƙwabta.

Hindawiyya

Bayan asuba maigida ya wuce wurin aikinsa a Madinar Masana'antu, na goya ɗana Sadiku, na shiga motar Sale, ɗan Nijar mai kabu-kabu.

"Ina muka nufa, Hajiya?"

"Makabartar da ake rubuta suna a dutse," na ce, don a ganina babba kamarta dole a rubuta mata.

"Guda ɗaya ce a garin nan. Kin tabbata?"

Ba mu yi nisa ba ya tsaya a unguwar Hindawiyya, a gindin wata katanga. Na leƙa ta tsagar ƙofa, ga duwatsu farare da rubutun boko, kusan kowanne da gicciye. Ta Nasara ce.

"Ashe kakar taki Baturiya ce," in ji Sale. "Ke kuma a ina kika ƙone haka?"

"Kakarka dai. Makabartar Hauwa nake nema."

"Ai da kin faɗa. Yalla, mu tafi."

Bab Makka

A unguwar Bab Makka, wajen masu atamfa, muka yi kiciɓis da motar 'yan sanda. Na kwanta a kujera, Sadiku ya zaɓi lokacin ya tsala ihu. Na toshe shi da nono har muka wuce.

Mai gadin makabartar wani dattijo ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci.

"Mata mamnu'u, ba sa shiga."

"Ammu, ni jikarta ce."

"Jikar wa?"

"Mai makabartar."

Ya yi dariya har da tari. "Ni ma jikanta ne, ya binti. Wancan Bangalin mai shara ma jikanta ne. Hauwa'u matar Annabi Adamu ake nufi."

"To tawa Hauwar fa?"

"Mumkin, wataƙila tana ciki. Nan ba suna, ba rubutu. Dutse a kai, dutse a ƙafa, halas, shi ke nan. In an daɗe ma sai a sa wani a ramin."

Na yi mata addu'a daga bakin titi. Na ɗaga waya na ɗauki allon da ke saman ƙofa, ga sunan Hauwa ɓaro-ɓaro.

Gida

Kafin azahar ina ɗakina, ba wanda ya taɓa ni, na gode wa Allah, na gode wa Sale duk da bakinsa. Hoton na wanke na ba wata mai komawa. An ce Baba ya sa shi a gilashi ya rataya a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya sa shi ya karanta masa.

Don Allah, duk wanda ya biya ta zauren Baba ya karanta masa sunan kawai. Kada ya ƙara bayani.