Loz Ɗin Hajiya Zaituna

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Shumaisi ta Riyad ya san Hajiya Zaituna mai dabino. Ni bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka tun da hantsi ƙamshin cakulan ke ratsowa ta tagar kicin ya hana ni sakat. Tana tsaga dabino, ta cire ƙwallon, ta cusa masa dakakkiyar gyada, sannan ta tsoma shi cikin narkakken cakulan ta jera a faranti ya sha sanyi. Wanda ya ci ɗaya sai ya nemi na biyu, ni shaida ce, cikina ma shaida ne.

Asalinta 'yar Gusau ce, amma tana ƙarama aka kai ta Makka wurin gwaggonta, wadda ke sayar da soyayyar gyada a bakin hanya. Aure ne ya kawo ta Riyad, inda mijinta Malam Basiru ke tuƙin babbar mota a Birnin Masana'antu na Biyu. Mace ce mai tsafta da riƙon amana, ba ta taɓa sayar wa kowa kwantai ba. Aibinta ɗaya, ji da Larabci. Kai, mun sha gyara a hannun matar nan! In muka je kasuwa na buɗe baki zan tambayi farashi, sai ta dafa ni ta ce in bari, kada in ba da mu. Na sha jin haushi, amma gaskiya harshenta ya fi nawa gogewa.

Wadda ta fito da ita daga sayar wa maƙwabta ita ce Marwa, wata malamar makaranta a unguwar Malaz. Iyayenta Hausawa ne amma a nan aka haife ta, Hausarta ma sai a hankali. Ta ɗanɗana dabinon a wani suna, ta nemi lambar Hajiya, ta shiga tallata ta wurin abokan aikinta. Hala Zaituna take ce mata, tana girmama ta kamar ƙanwar uwarta. Ita ce kuma ta gaya mata cewa abin ci ba a miƙa wa mutanen nan shi tsirara. Dole kowane kwali ya zo da takarda a liƙe da Larabci: sunan abin, kayan da aka haɗa, ranar da aka yi da ranar lalacewa, da gargaɗi kan abin da jikin wasu ba ya ɗauka. Ta ce in Hala tana so za ta rubuta mata.

Hajiya ta yi dariya ta ce ita da ta tashi a Makka ba za a rubuta mata Larabci ba. Na raka ta shagon buga sitika, ta faɗa wa mai shagon kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan gyada ta ce loz, don kuwa haka gwaggonta da duk masu saye ke kiran ta a Makka. Mutumin ya buga, har ya ƙawata takardar da hoton wata doguwar ƙwaya mai tsini. Na ce wannan gyadar tasu ta rame. Ta ce masu zane haka suke, ba su taɓa shiga gona ba.

Ashe a bakin mutanen Riyad loz wani abu ne daban, wannan ɗan itacen da suke barbaɗawa a kan shinkafa. Gyada kuwa ful sudani suke ce mata, sunan da Hajiya ta ɗauka na wani irin wake ne daga Sudan.

Marwa tana da 'ya mai suna Mubina, 'yar firamare, wadda jikinta ba ya ɗaukar gyada ko kaɗan. Shi ya sa ba ta taɓa kai dabinon gida ba sai da takarda ta fito. Ta karanta, ta ga loz, amma duk da haka ta kira waya ta tambaya da Larabci ko da ful sudani a ciki. Ina zaune a wurin. Hajiya ta ce: "Wallahi babu, Ummu Mubina. Da hannuna nake yi, loz ne kawai."

Washegari da la'asar Marwa ta sake kira daga asibiti. Yarinya ta ci guda, leɓɓa suka kumbura, borin jini ya feso mata, numfashi ya soma gagara. Allah ya sa an kai ta da wuri. Marwa ba ta yi zagi ba. Cewa ta yi Hala ta ɗauki hoton loz ɗin da take amfani da shi ta turo mata. Hajiya ta buɗe buhu ta ɗauka ta tura, har lokacin tana da tabbacin kuskuren likita ne. Amsar da ta dawo gajeriya ce: wannan shi ne ful sudani.

Ban taɓa ganin kunya ta kama babbar mace haka ba. Ta zauna a ƙasan kicin, ta ja gyale ta rufe fuska. Ba ciniki ne ya dame ta ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne ta rantse da Allah a kan ran 'yar mutane, kuma an yi mata tayin rubutu ta ƙi don girman kai. Na ce ai ba da gangan ba ne, ta ce in yi mata shiru. Ni ma raina ya ɓaci, don tausayinta nake ji kuma ina jin haushinta lokaci ɗaya.

Ta bi duk gidan da ta kai kwali ta karɓo. Ta je aka buga sabuwar takarda, ful sudani da jan rubutu manya-manya, ta sa aka karanta mata a wurare daban-daban kafin ta liƙa. Ta sayi tukunya da cokali na daban don dabinon da babu gyada. Amma zuwa gidan Marwa a Malaz ya gagare ta, sai da Malam Basiru ya ce in ba ta je ba shi zai je ya durƙusa a madadinta.

Na raka ta bayan an sallamo yarinyar. Cakulan ma ba ta yarda ta kai ba, dabino zalla ta saya mai kyau, ta wanke hannu ta zuba a sabon kwano. Marwa ta tarbe mu da fara'a, ta kawo gahawa, ta ce komai ya wuce, ƙaddara ce. Ta hana Hajiya durƙusawa. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai Mubina ta shigo ta gaishe mu, ta ga kwanon, ta miƙa hannu. Hajiya ta ce a hankali: "Dabino ne zalla, 'yata, babu komai a ciki."

Marwa ta yi murmushi ta ce an gode, Allah ya saka da alheri. Ta riƙe hannun yarinyar, ta ɗauki kwanon, ta yi ɗage ta ɗora shi can saman kabad inda Mubina ba ta isa ba. Ta dawo ta zauna ta ƙara wa Hajiya gahawa, Hajiya ta karɓa da hannu biyu, ba ta sake ɗaga ido ba har muka fito.