Don Evaristo da Juyin Hagu

Don Evaristo Huenchul ya tsufa yana koya wa mutane zamiya da katako a ƙafa a kan ƙanƙarar dutsen Farellones. Bai taɓa aure ba. Kullum da hantsi yakan tsaya a rumfata ya ci sopaipilla, wata irin fanke, da zafinta, ya ce mai ya yi yawa, sannan ya ƙara wata.

Cikin ɗalibansa akwai Doña Rosaura, mai gidan burodi a Santiago, wadda mijinta ya rasu. Juyin dama ba ya ba ta wahala, amma da ta zo juyawa hagu sai ta kwanta jikin dutse, katakon ƙafarta ya zame, ta zube. Hunturu ya wuce, wani ya shigo, tana nan inda take.

"Doña, dutsen nan ba mijinki ba ne, daina rungumarsa," in ji shi.

"Kai da ko kyanwa ba ka ajiye ba, me ka sani game da runguma?"

Mu dai mun ga yadda yake aske gemu duk ranar Asabar, ranar zuwanta.

Wata safiya ya ari farantina, ya ɗora kofin shayi, ya karɓe sandunan zamiyarta ya miƙa mata farantin.

"Kai wa kwarin can shayi. Farantin ya riƙa kallon gangare, nauyinki a ƙafar da ke wajen gangare. In ya zube, ke za ki sha tsinuwar mai rumfa."

Ta zubar, ta sake zubarwa. Can kafin rana ta karkata sai ga ta ta juya hagu sumul, shayin ko girgiza bai yi ba. Ta yi ihu, ta sumbace shi a kumatu.

Da ya dawo da farantin na ce, "Yau sai ka faɗa mata abin da ke ranka."

"Bari dai ta ƙara ƙwarewa."

Ta kuwa ƙware. Ta koma hawa can ƙololuwa inda gwiwoyinsa ba sa iya kai shi, sai dai ta ɗago masa sanda in ta wuce. Da ƙanƙara ta narke, ta sayar da gidan burodin ta koma kudu wurin 'yarta.

Ya ci gaba da koyarwa har ƙafa ta ƙi. Yanzu yana zaune a gidan ƙanwarsa a Lo Barnechea. Da na je duba shi, bai tambayi kowa ba sai Doña Rosaura, ni kuma ba ni da labarin da zan ba shi.