Jana'iza a Ƙetaren Kogin Golok

Sallar asuba ma a tashar mota muka yi ta, domin tun da duhu muka bar unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur, ni da abokin karatuna, Bamalaye ɗan kudancin Tailan. Kakarsa za mu gano. Ta daɗe tana cewa a kawo mata ɗan Nijeriyar nan da ya koya wa jikanta cin tuwo. Ni ba ni da bizar Tailan, saboda haka aka shirya za a kawo ta gidan 'yarta a Rantau Panjang, a ɓangaren Malesiya, mu haɗu a can.

Hanyar jihar Kelantan, inda Rantau Panjang take, ba kusa ba ce. Muna fita daga Kuala Lumpur sai hawa da gangara, ga gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. Sanyin cikin bas kuwa, sai da na naɗe kaina da sallaya. A Gua Musang aka tsaya cin abinci, aka dire min shinkafa shuɗiya kamar daga marina aka tsamo ta. Na yi turus. Abokina ya ce, "Makan lah, ci mana, fure ne aka dafa ta da shi." Na ci har na nemi ƙari, ga araha.

Da muka koma mota ya tambaye ni ina aka kwana a bincikena. Tarihi nake karantawa, a kan yarjejeniyoyin farko tsakanin Amurka da Ingila. Na ba shi labarin yadda aka zauna a birnin Faris bayan yaƙin 'yancin Amurka, aka mai da koguna da tafkuna iyaka. Ingila ta sallama ƙasar 'yan asalin nahiyar, waɗanda da yawansu suka taya ta yaƙi, alhali ko mutum ɗaya nasu ba a gayyata zaman ba. Daga baya wata yarjejeniyar ta ce su ci gaba da tsallaka iyakar yadda suka saba, amma har yau jikokinsu na kai da komo a kotu kan wannan alkawari. Ya ce su ma haka Ingila ta zauna da sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, aka raba su gida biyu. Muka yi dariya, muka ce Bature bai bar kowa ba.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Daga gida ne. Tsohuwa ta cika da hantsi, tun kafin a fito da ita, kuma bayan la'asar za a kai ta. Daga nan har muka sauka, salati kawai muke ta yi.

A bakin gadar iyaka ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, na wahalar da kai." Na ce, "Wuce kawai, kada ka rasa sallar." Shi da gwaggonsa, wadda da a gidanta za mu haɗu, suka nuna takardunsu suka haye. Ni na gangara bakin ruwa.

Jama'a, kogin Golok ɗan siriri ne. Ina hango shanya a ƙetare, ina jin kiran sallarsu tiryan-tiryan. Wani mai kwale-kwale ya yafito ni da hannu, wai in zo ya haye da ni. Wallahi raina ya biya. Sai na tuna in aka kama ni karatuna ya ƙare, ga mata da 'ya'ya na baro a Kuala Lumpur. Na girgiza kai. Can na hango maza sun bi wani lungu ɗauke da makara. Ban sani ba ko ita ce. Na dai miƙe tsaye, na yi mata addu'a daga inda nake.

Washegari na biyo bas ni kaɗai. Ni mutumin Jibiya ne, dangin mahaifiyata suna Maraɗi, na ɗauka na san iyaka. Amma a bincikena na sha rubuta cewa an shata iyaka a kan kogi, in wuce zuwa layi na gaba hankalina kwance. Wannan tafiyar ta nuna min cewa waɗanda suka sa hannu sun daɗe da mutuwa, amma har gobe su ke faɗin wanda zai tsaya a kan gawar wa.

Bayan sadakar bakwai abokina ya dawo. Ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya miƙo min sabon zanen ɗaurawa irin na mazansu. Ya ce a cikin jakar da kakarsa ta haɗa don zuwa ganina aka same shi.