Arzikin da Aka Ɗora wa Yaya Fushan

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Alhamis, sha huɗu ga Nuwamba, Allah ya karɓi ran yayana Tie Fushan a wani asibiti a birnin Yinchuan, yana da shekara arba'in da ɗaya. Kafin magariba an kai shi makwancinsa a garinmu Wuzhong. Ana faɗa wa masu gaisuwa wai gajeriyar rashin lafiya ce. Ni ƙanwarsa Xiulan na ce ƙarya ne, ciwon dajin fata ne, kuma ya daɗe yana sallama.

Yaya, an haife ka da tawadar Allah baƙa ƙirin mai gashi, tun daga kafaɗa har ƙugu. A shekarar ce shagon taliyarmu ya fara cika, sai Baffa Degui, wan mahaifinmu, ya yanke hukunci cewa arziki ka goyo. Tun daga nan bayanka ya zama na kowa. Mai buɗe shago da mai shiga jarrabawa, kowa sai ya zo ya shafa. Kai kuwa dariya kake yi kana cewa, "A yi a hankali, ko jaki ana ba shi hutu."

Shekara ashirin da biyar kana jan taliya da hannu a shagonmu. Akwai wata tsohuwa mai sharar titi da kullum nama ya fi yawa a kwanonta, kullum kuma ka ce hannunka ne ya kuɓuce. Da na faɗi jarrabawa ka tsokane ni wai ban shafa da kyau ba, sannan ka ɗauke mini wanke-wanken shago shekara guda cur don in sake karatu.

Kana ɗan sha tara likita ya ce tawada mai girma haka takan rikiɗe ta zama ciwo, a cire abin da zai ciru, a riƙa duba sauran. Baffa ya ce, "Wa ya taɓa ganin an yanke arziki an yar a kwandon shara?" Limaminmu ya tuna masa cewa arziki na Allah ne. Ya gyaɗa kai a masallaci, ya dawo gida ya ci gaba da gashi.

Bayan shekaru, da gefen tawadar ya kumbura ya fara ɓata farar rigarka da jini, mai cire tawada na kasuwa aka kira. Ya ɗiga maganinsa mai ƙuna a kan kumburin kaɗai, don kada a taɓa sauran arzikin. Wata takwas ana haka kafin a kai ka asibiti. Ni na riƙa wanke tsummokaran, kuma wallahi warinsu bai dame ni kamar abin da na ji daga baya ba: wai ana yi maka wankan ƙarshe, Baffa ya shiga ya yi shafar bankwana. Tir!

Abu ɗaya ka roƙe ni a gadon asibiti, kada in bari a shafa Ailan, 'yarka mai shekara huɗu, wadda take da tata tawadar kamar tafin hannu a bayan wuya. Ranar sadakar bakwai ina suyar waina, sai na hango Baffa ya ɗaga ta ya buɗe mata wuya yana cewa arziki bai bar gidan ba. Mutane suka miƙo hannuwa, duk maiƙo. Na yar da matsami na fizge ta.

"Ke Xiulan, ba ki da kunya ne?" in ji shi.

"Baffa, kunyarka ce ta kai Yaya kabari."

Jiya ni da mahaifiyarta muka kai ta wurin likitan fata. Ya ce ba lallai ne ta zama ciwo ba, amma za a cire, har an sa rana. Baffa ya daina amsa gaisuwata, ni kuwa ko a jikina.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu da matarka da dangi duka. Baffa kuma Allah ya yafe masa, don ni ban iya ba tukuna. Ka huta, Yaya. Ailan ba za ta goyi arzikin kowa ba.