Rabin Fuskar Sai-na-gani

Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene yake, tsakanin wata mata mai sayar da kayan shafe-shafe da wani mai ɗinkin takalmi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran agogo a wurin, kuma kaf layin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-na-gani suke ce masa. In ka ce batirin agogonka sabo ne, sai ya ce sai ya gani. In ka ce ruwa ake yi a waje, sai ya leƙo da kai tukuna.

Ba da wannan hali ya tashi ba. A shekarar da ya buɗe shago wani mutum mai fara'a ya kawo masa agogo, bayan kwana uku ya dawo ya tara masa jama'a, yana rantsuwa an cire kayan ciki na asali an sa masa na jabu. Ba shi da mai shaida, don shi kaɗai ya buɗe agogon. Sai daga baya ya ji ashe sana'ar mutumin ke nan. Tun ranar ba ya buɗe murfin agogo sai mai shi na tsaye, kuma mai yawan murmushi ya fi kowa shan tambaya a wurinsa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi gyara, fuskarsa. Maiƙo ne da ita tun yana saurayi, gadon dangin mahaifiyarsa. Kafin hantsi goshinsa ya fara ƙyalli, kafin azahar karan hancinsa ya zama kamar an soya abu a kai. Mai takalmi yakan ce in wuta ta ɗauke, Sai-na-gani ya zauna a bakin ƙofa kawai, kowa zai ga hanya. Maganin da ya sani shi ne sabulun wanki, irin mai sanda. Da shi yake dirje fuska da safe, ya yanki guntu ya sa a aljihu, ya dirje sau uku ko huɗu a famfon bayan bene. Fatar ta ɗaure tamau, gefen bakinsa ya yi fari, bayan awa guda maiƙon ya dawo ya fi na da.

Da ya haura hamsin ido ya rage ƙarfi, aiki ya koma sai da ɗan gilashin nan mai ƙara girma da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Gilashin kuwa fata ce ke riƙe shi, ga fatar tana santsi. Wata ranar Talata wani tsohon hedimasta ya kawo agogon hannu irin na da, marar batir, wanda ya gada daga mahaifinsa. Sai-na-gani ya buɗe a gabansa, ya sunkuya da hantsaki, sai gilashin ya sulluɓe daga idonsa ya faɗa cikin agogon, ya lanƙwasa ɗan siririn sifirin da ke tsakiya. Ya ɗago ya dubi hedimasta.

"Ranka ya daɗe, wannan ɓarnar tawa ce, ba da ita ka zo ba," ya ce.

Hedimasta ya ce ba komai, hannu ne. Kwana biyu Sai-na-gani ya yi yana miƙe sifirin har agogon ya tashi, aka rabu lafiya. Amma abin ya tsaya masa a rai, domin bai taɓa ɓata kayan wani ba. Mai kayan shafe-shafe, wadda ta ga duk abin da ya faru, ta leƙo ta ce, "Maƙwabci, da za ka ji tawa, da ka nemi man shafawa. Akwai na masu irin fatarka." Ya ce ya gode, bai ɗaga kai ba.

Da yamma a gida autarsa, wadda ke aiki a wani kemis, ta same shi a bakin famfo yana dirza. Ta tsaya har ya gama.

"Baba, wannan sabulun shi ke ƙara maka maiƙon. Kana busar da fatar, ita kuma tana ƙara fitar da mai don ta rama. Sabulu mai laushi za ka koma, sannan ka riƙa shafa mai marar nauyi kullum da safe."

Ya goge fuska a hankali yana kallonta. Magana ɗaya daga baki biyu a mako guda, wannan ba banza ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Aiko ni kamar yaya?"

"Kin biya ta layinmu kwanan nan?"

"Baba, rabona da layinku tun ranar da na kai maka lema."

"To ki gaya mini, mai hankali ne zai ga mai a wuri ya ƙara zuba mai?"

Ta yi dariya ta ce ba duk abin shafawa ne mai ba, akwai wanda rabinsa ruwa ne, fata ta shanye nan take, ba ya toshe ƙofofin gashi. Ta ce gobe za ta zo masa da guda. Ya ce kada ta soma. A ransa ya riga ya haɗa lissafi: maƙwabciyarsa na da kayan da suka ƙi fita, 'yarsa kuma wa ya sani ko mai kemis ya ce su tallata. Ga kuma abin da ya fi tsoro. Akwai wani direba da ke kawo masa agogo, wanda a cikin wata shida fuskarsa ta koma ja, gaɓoɓin yatsunsa suka tsaya baƙi, kuma shi ma cewa ya yi man gyaran fata ne kawai. Sai-na-gani ya hango kansa da jikoki uku yana yawo da fuska kala biyu.

Ya yi kwana tara bai sake zancen ba. A rana ta goma gilashin ya sake sulluɓewa, Allah ya taimaka kan cinyarsa ya faɗa. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ba ya yi, ya hau mota zuwa can ɗaya gefen gari, ya shiga wani babban kanti inda ya tabbata babu wanda ya san shi ko ya san 'yarsa.

Matar da ke kula da sashen ta jera masa kwalabe uku. Ya zaro gilashinsa ya maƙala a ido, ya bi rubutun jikin kowace, ya duba hatimin murfi, ya duba kwanan wata, ya karce shi da farce ko manna shi aka yi a kan wani.

"A ciki wanne ne ke sa mutum fari?"

"Babu ko ɗaya, Baba."

"Wanne aka ce ki fi tura wa mutane?"

Ta dube shi, ta ce ita ba a ce mata komai ba. Ya nuna ta farko, mai hoton wani saurayi yana murmushi, ya ce a mayar da ita, bai yarda da murmushin ba, kuma ƙamshinta ya yi yawa, abin da ke da ƙamshi haka akwai abin da yake rufewa. Saura biyu. Ya ciro farar takarda daga aljihu, ya roƙi a ɗiga masa kaɗan daga kwalaben gwaji, ya shafa kowanne a gefe guda, ya sami kujera ya zauna yana duba agogonsa. Bayan minti ashirin ya ɗaga takardar wajen haske. Ɗaya ya bar tabo har ana hango hannu ta bayansa, ɗayan ya bushe sai ɗan alama. Ya ɗauki na biyun, da sabulun ruwa mai laushi. Amma ya ƙi karɓar kwalbar da ta miƙo masa, ya ce ta ciro ta can baya.

Ko da ya zo gida bai gamsu ba. Takarda ba fata ba ce. Don haka ya yanke shawarar raba fuskarsa biyu daga tsakiyar goshi zuwa haɓa. Dama, inda yake maƙala gilashi, ta sami sabon sabulu da sabon mai. Hagu ta ci gaba da shan sabulun wanki. In abin bilicin ne, rabi kawai ya yi asara, kuma zai gane da wuri. Ya ba abin mako biyu, ya ɓoye kwalaben a bayan tankin banɗaki, bai gaya wa kowa ba.

Wanke rabin fuska ba tare da kumfa ya tsallaka ba aiki ne. Mutumin da ke fitowa daga wanka cikin minti biyar ya koma yin ashirin, da ƙofa a kulle. Ya sayi ɗan madubi ya sa a aljihu. A wajen cin abinci sai matarsa ta ga ya danna kumatun dama da yatsa, ya danna na hagu, ya duba yatsun. Wani lokaci ta shigo ɗaki ta tarar yana ɗaga gira ɗaya a gaban madubi, yana karkata baki. Shekara talatin tana zaune da shi, ita ma ta koyi kada ta yarda da amsar farko.

"Malam, lafiya kake taɓa fuska haka?"

"Lafiya lau."

"Ɓarin nan yana yi maka nauyi ne?"

"Wane ɓari? Zuba mini ruwa."

Ta zuba masa, amma hankalinta ya tashi, domin da taɓa kumatu ciwon mahaifinta ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ta fara rage gishiri a miya. Shi kuma ya lura da ragin gishirin, ya lura tana bin sa da ido, ya lura ta yi shiru da waya in ya shigo, sai ya ɗauka ita da auta sun gano kwalaben suna yi masa dariya a ɓoye. Ya canza musu maɓoya, ya mayar da su cikin tsohon takalminsa.

Ranar ta goma sha ɗaya ya dawo daga shago ya tarar da yayansa zaune a falo, tsohon ma'aikacin gidan waya mai sanda, wanda ba ya fita sai da dalili. Matarsa na gefe, auta na tsaye riƙe da na'urar awon jini.

"Zauna," in ji yayan. "Ɗaga hannuwanka biyu sama."

"Yaya, me ya faru?"

"Ɗaga na ce. Yanzu yi murmushi."

Murmushin da ya yi bai gamsar da kowa ba, don ba abin da ya saba ba ne. Yayan ya ce gobe da sassafe asibiti, kuma shi zai raka shi da kansa, tunda ya zama mai ɓoye ciwo kamar ƙaramin yaro. Matarsa ta fara share ido da gefen mayafi. Nan Sai-na-gani ya ga babu mafita. Ya shiga ɗaki, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, ya zazzage kwalabe biyu a kan tebur, ya yi bayani yana kallon ƙasa.

Auta ce ta fara dariya, ta toshe baki ta juya wa bango. Yayan ya jingina sandarsa, ya ce a kunna babbar fitila, ya kama haɓar ƙanensa ya juya ta dama, ya juya ta hagu.

"Wannan ɓarin na mutum ne," ya ce. "Wannan kuwa a kai shi kicin."

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce kwana goma ba ta yi barcin kirki ba saboda man shafawa, kuma tunda an fito da na'ura sai an auna shi. Aka auna, jininsa ya ɗan hau kaɗan, ta ce gishirin ba zai dawo ba. Auta ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta ce ai irin wannan ne ta so kawo masa tun farko. Ya ce wannan faɗa ce, ba shi da hanyar tabbatarwa.

Gaskiya dama ta fi hagu. Ƙyallin bai tafi duka ba, amma yakan kai la'asar kafin ya nemi hankici, farin gefen baki ya ɓace, launin fatarsa yana nan yadda yake, gilashi kuma ya zauna. Duk da haka ya ce wataƙila sanyin da aka ɗan yi ne, ko kuma dama can ɓarin dama ya fi hankali. Ya juya gwajin, hagu ta sami mai, dama ta koma sabulun wanki, wani mako biyun. Sai da ya ga ƙyallin ya yi ƙaura zuwa dama sannan ya ajiye sabulun wanki a wajen wanki.

Bai taɓa ce wa auta ta yi gaskiya ba. Abin da ya yi shi ne, ya karɓi agogon hannunta ba ta roƙa ba, ya wanke shi, ya canza masa madauri. Maƙwabciyarsa kuwa ta ga canji, sai wata safiya tana share ƙofar shago ta ce, "Maƙwabci, hutu ya karɓe ka." Ya tsaya yana juya maganar ko da wani abu a ƙarƙashinta, daga baya ya amsa da cewa Allah ne.

Yanzu shekara biyu ke nan. Maza a layin sukan zo su tsaya kamar masu tambayar lokaci, in sun ga ba kowa su rage murya su ce me yake shafawa. Yakan gaya musu abin da za su duba, marar nauyi, marar ƙamshi, wanda ba ya barin tabo a takarda, amma ba ya faɗin sunan nasa. Ya ce shi fuskarsa kawai ya gwada, ba zai tsaya wa ta wani ba. Mai takalmi ya bi shawarar ya sayo wani, ya yi masa ƙuraje, ya zo yana mita. Sai-na-gani ya duba kwalbar ya ga ta wuce kwananta da wata bakwai, ya tambaye shi a ina ya saya. Ya ce a hannun wani mai talla a cikin mota. Sai-na-gani ya miƙa masa abarsa, ya ja kujera, ya ci gaba da aikin da ke gabansa.