Komar da Baba bai ƙarasa ba

Ina wurin wankin mota a Karu, hannuna duk kumfa, ƙanwata Zainab ta kira. Ta ce, "Yaya, ka taho gida." Na ce in gama wannan motar tukuna. Sai ta ce, "Baba ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ogana da kansa ya karɓi soson daga hannuna.

Mahaifinmu, Malam Garba, masunci ne a Baga kafin rikici ya koro mu Kuchigoro ina ƙaramin yaro. A nan gadi ya kama. Mutum ne mai tsare haƙƙi: ko biredi aka ba shi a wurin aiki, sai ya kawo gida a raba. Amma zancen ruwa ya rufe shi ruf. In na tambaye shi yadda tafkin Baga yake, sai ya ce, "Jeka ɗebo min ruwan alwala, shi ne ruwan da ya rage mana." Na girma ina tsoron zai tafi bai ba ni komai daga sana'ar gidanmu ba. Ban matsa masa ba, na dai yi ta jira.

Bara yayarmu Hadiza, wadda take aikin jinya a ƙasar Girka, ta ɗauke shi don likita ya duba zuciyarsa. Da aka sallame shi, ta kai shi wani ƙauye a bakin teku, a wani tsibiri, ya huta. Ni ban je ba, a waya nake ganinsu. Fararen gidaje, kwale-kwale a ɗaure, tsofaffi zaune babu mai duba agogo. Na lura da abu ɗaya: kullum Baba baya yake ba tekun.

Yaya ta ce wata safiya ya ga wani tsoho yana ɗinke yagaggiyar koma, hannunsa na rawa. Baba ya kalla, ya kau da kai, ya sake kallo. Can ya ce, "Kai, wannan bawan Allah zai yini a nan!" Ya zauna a ƙasa ya kama ɗaya gefen. Baba ba ya jin yaren tsohon, shi ma ba ya jin Hausa, amma har azahar suna tare. Daga ranar kullum can yake karyawa.

Da ya dawo, bakinsa ya buɗe. Ya ce ruwansu shuɗi kamar an zuba bula. Ya ce, "Kifinsu ba yaji ba daddawa, sai man zaitun da lemon tsami. Na ci dai don kar a ce." Ya ce abokin nasa har carbi gare shi, ashe ba tasbihi yake ba, wasa da hannu ne kawai. Sannan ya zaro allurar saƙar koma da tsohon ya ba shi, ya ce in sayo zare.

Duk ranar da ba ni da aiki muna kan tabarma. In na ƙulla da ƙarfi sai ya buge min hannu: "A hankali, Sani, ba kunnen jaki kake ja ba." Yana saƙa yana kiran sunayen abokan sunsa, rayayyu da matattu. Wani lokaci ya tsaya ya goge ido da hularsa, ni kuwa in yi kamar ina neman zare.

Jikin komar ya kammala. Saura bakinta, inda ake ɗaura darma don ta nutse. Ya ce sai ya ji ƙarfi zai nuna mini. Allah bai nufa ba.

Don haka nake roƙo: in a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa su tare da Malam Garba, don Allah ya zo ya nuna mini ragowar. Ina da haƙurin koyo.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi daga Alkausara. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Yaya Hadiza da ba ta samu jana'iza ba, Ya raya Zainab. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.